Na Wanke Sosonka da Omo, Baba

Zuwa ga mahaifina, tare da gaisuwar girmamawa da fatan Allah ya sa kana cikin rahamarsa.

Bayan gaisuwa, Baba, ina da laifi, kuma na kasa zama wuri ɗaya tun da na yi shi. Cikin kifayenka uku na akwatin gilashi, biyu sun mutu. Jan nan mai yagaggiyar wutsiya kaɗai ya rage.

Saboda sadakarka ta arba'in muka share gida kaf. Na dubi akwatin, na ga gefensa ya yi kore, sai kunya ta kama ni, ga baƙi za su zo har daga Belbeji. Na kwashe ruwan duka. Na ciro soson da ke cikin injin tace ruwa, na dirje shi da omo kamar yadda Inna ta koya mini wanke randa, na cika akwatin da ruwan pampo. Har yaba mini aka yi.

Kwana uku ruwan ya koma kamar tsarin hura.

Sai yanzu maganarka ke dawo mini. Kakan tsuguna da 'yar roba, ka matse soson cikin tsohon ruwan, ka ce, "Dattin nan da rai, shi ke cinye ƙazantarsu." Kakan kuma ce, "Ruwan pampo sai ya kwana a randa ya huce." Ni kuwa ina dariya, wai tsohon ma'aikacin likita na kare datti.

Na tuna ranar kasuwa, makiyaya su ɗaure raƙuma su shigo kallon kifi a Tanout, kai kana ta bayani kamar kai ka halicce su. Inna daga madafa tana mitar ruwan da ake ɓatawa a garin da mata ke layin bido, jarkokin ɗibar ruwa, tun safe.

Yanzu kullum nakan rage kwano huɗu daga ruwan akwatin, in zuba huɗu na wanda ya kwana. Na rage wa jan kifin abinci. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke, injin ya yi shiru, in riƙa ɗiba da moɗa ina kwararawa don ya samu iska. Yana can sama yana buɗe baki, ni ma ina zarya tsakanin ɗaki da tsakar gida. Na sani kifi ne kawai, amma shi ne abu na ƙarshe da ka ciyar da hannunka, Babana, kuma ina tsoro.

Jiya na je ɗibar ruwa, na tarar Inna ta rufe babbar randarta da faifai, ta ɗora dutse. Wai kada kowa ya sha, ta kifin Malam ce, wato naka, ruwan sai ya kwana ya huce.

Allah ya jiƙanka, ya shayar da kai ruwan Alkausara, ya bar mana wannan ɗaya.

'Yarka mai laifi,
Balki