Muryar Baba a Akwatin Ajiya

Talata, bayan isha'i, Kurugu

Alhamdu lillahi, yau dai akwatin ajiyar nan ya yi aiki. Kwana uku ina fama da shi, ashe wayar da ke haɗa shi da na'urar wayifai, wato rawuta, ce ban soka da kyau ba. Yanzu duk wanda ya hau wayifai ɗin gidanmu zai iya zuba hotuna da sauti a ciki, sauran 'yan'uwa su gani. Tun ranar da wayar ƙanwata Hajara ta faɗa rijiya da hotunan Baba nake wannan buri.

Yaya Sabo ya zo daga Zoza da la'asar, amma ya ƙi miƙo wayarsa in kwashe hotunan ciki. Ya ce, "Kowa zai gani? Har hotunan iyalina?" Gaskiyarsa, ban yi wannan tunanin ba. Na ware masa ɓangarensa, na juya baya ya sa kalmar sirri da kansa. Sannan ya yarda ya zuba na Baba inda kowa ke shiga.

A ciki muka tarar da wani sauti da shi kansa ya manta da shi. Baba ne, Allah ya jiƙansa, yake yi mana faɗa mun bar gyaɗa a shanya ga hadari ya taso. Inna tana tsince shinkafa, sai hannunta ya tsaya. Sau uku ta sa na maimaita. Ta yi dariya, ta goge ido da gefen zani, ta ce, "Malam ke nan, ko a nan ma faɗa yake."

Wai gobe in nuna mata inda ake dannawa.