Kaset ɗin Inna

Asabar, 6 ga Maris, 2004
Kaset ɗin Inna ba ya cikin akwati. Shi ne na ƙarshe da ta aiko mini daga Maradi kafin ta rasu: gaisuwa, faɗa, sai waƙar daka da ta yi mini a ƙarshe tana dariya. Na birkice gidan nan kaf.

Lahadi, 7 ga Maris
Habibou ne. Ɗan da na haifa! Wai ya kai wurin abokinsa mai haɗa kiɗa su ciri muryarta su sa a waƙarsa, na'urar ta cinye zaren. "Mama, kaɗan muka samu." Ya miƙo mini faifai, na wurga bayan firji. Na ce ya bar mini gida. Ya tafi McLeansville wurin kawunsa Djibrilla, bai ko ɗauki rigar sanyi ba.

Talata, 16 ga Maris
Kitso tun safe, yatsuna sun sage. Wata mai kitso a shagonmu ta ce wannan kiɗan da Habibou yake yi, gangsta rap, daga Los Angeles ya taso, samarin unguwannin da ƙwaya da 'yan sanda suka addaba suke faɗin abin da suka gani, har ya zama kasuwa. To shi Habibou me ya gani? Yaron da har yanzu ni nake cire masa ƙayar kifi.

Juma'a, 2 ga Afrilu
Na yi ƙoƙarin tuna yadda take kiran sunana. Ya ƙi zuwa. Na yi kuka a banɗakin shago.

Litinin, 19 ga Afrilu
Na zaro faifan da tsintsiya. A mota na sa, kada maƙwabta su ji. Ganga kamar ana rushe gini, ashar, bindiga, astagfirullah. Can sai ga Inna. Layi biyu kacal, da dariyar. Na tsaya a bakin titin Elm har aka yi ta yi mini hon.
Uwata a tsakiyar zagi. Kuma nan kaɗai ta rage.

Laraba, 12 ga Mayu
Kullum ina tsallake nasa in je wurinta. Yau hannuna na kan sitiyari, na bar shi ya ci gaba. Turancinsa da sauri, amma na tsinci wani wuri: wai bai taɓa ganin kakarsa ba, a kaset ya san ta, uwarsa kuma ba ta kunna shi sai ta rufe ƙofa.
Haka ne. Ban taɓa kiransa ya zauna mu ji ba.
Waƙar banza ce har yanzu. Na dai kira Djibrilla na tambaya ko yaron yana cin abinci. Ya ce, "Fassouma, ga shi nan kusa, in ba shi?" Ban ce a'a ba.