Jan Fenti a Jikin Darbejiyar Dandalin Kasuwa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Gyaran Dandalin Kasuwa, Khartum.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ranka ya daɗe yana lafiya, ni ne Haruna mai agashe, wato tsiren da nake gasawa ƙarƙashin darbejiyar kusurwar gabas. Kullum daga unguwar Sawra ta Umdurman nake tsallako gada in zo nan, tun gemuna bai fito ba.

Na farko, na ga hoton da kuka kafa a bakin dandali. Akwai shagunan gilashi, da ruwa mai tsartuwa sama, da fitilu. Ya yi kyau, ban musa ba. Amma na tsaya na ƙare masa kallo, ban ga darbejiya ba. Inda take, wata laima ce ta ƙarfe.

Na biyu, injiniyanku ya zo ya shafa wa darbejiyar jan fenti. Da na tambaye shi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma fi mushkila, ya hajji, babu matsala, alamar kiyayewa ce." Ranka ya daɗe, itatuwan layin masu shayi ma wannan jan fentin aka shafa musu. Yau kututturansu ne suka rage, Hajiya Asabe da 'yan'uwanta suna dafa shayi a tsakar rana. To wace irin kiyayewa ce wannan? Wallahi hankalina bai kwanta ba.

Na uku shi ne wanda hotonku ba zai nuna ba. Mutanenmu da ke zuwa daga ƙauyukan Jazira ba su san sunan titi ba. Abin da ake gaya musu a gida shi ne, in ka sauka, nemi darbejiyar masu agashe. Nan mai neman ɗansa yake zama har a gano masa shi, nan mai jinya ke samun wanda zai raka shi asibiti. Tsohuwar da ta sauko daga mota ta tarar da laimar ƙarfe, wa za ta tambaya?

Roƙona, a fito fili a gaya mana ma'anar fentin nan, da bakinka, ba da bakin mai dafa kafaɗa ba. In gyara ake so, a zagaye ta da dakali, ni zan riƙa sharewa.

In kuwa an riga an gama magana, to kada a aiko masu zarto ina kan hanya. A sanar da ni ranar, in zo da gatarina. Mahaifina ne ya dasa ta shekarar da ya haƙura da komawa Kano, kuma ruwan alwalarsa ta sha har ta girma. Ba zan so baƙo ya kayar da ita ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa ka gama da kujerar nan lafiya.

Wassalam.

Haruna mai agashe,
Sawra, Umdurman.