A Bar Mini Ƙarfen Fure

Zuwa ga Bashmuhandis, babban injiniya mai kula da gyaran tsohon beninmu na bayan Ataba a Alƙahira,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Sunana Hauwa'u, matar marigayi Malam Sani tela, ta hawa na uku. Da Hausa na rubuta, ɗiyata Hafsa za ta juya maka da Larabci, kuma na gargaɗe ta kada ta rage barkonon. Da da hali da na zo ofishinka da ƙafata, amma ina cikin takaba.

Na farko, godiya. Kun gyara famfo, kun fatattaki ɓerayen ƙarƙashin bene waɗanda suka girme ni a gidan nan. Allah ya saka.

Na biyu shi ne kukana. Ranar Talatar da ta wuce ma'aikatanka suka hau barandata da guduma. Bugu ɗaya, gefen ƙarfen da ya kewaye barandar ya karye kamar ƙuli-ƙuli. Sai suka buga wa ƙofar barandar katako, suka ce za a cire sauran a sa alminiyam da gilashi. Da na yi magana, babbansu ya ce ma'alish ya Hajja, wato in yi haƙuri, ai zahar ne, na 'yan gwangwan ne kawai.

Ranka ya daɗe, wannan kalma ta zahar tana da tarihi a ɗakina. Ranar da Malam ya kawo ni daga Kano ina amarya, ya nuna mini barandar ya ce sunan ƙarfen hadid zahar. Ɗan Larabcin islamiyyata ya ce mini zahar fure ne, ga kuma furanni jere a jikin ƙarfen da ganyensu. Na ce kai, Masar ta isa, har ƙarfensu fure yake yi. Malam ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, bai gyara mini ba. Sai a bakin ma'aikacinka, da taimakon Hafsa, na gane ashe nufinsu ƙarfen zubi, wanda ake narkarwa a zuba a cikin yashi, yadda masu tukwane suke yi a garinmu. Shi ya sa furannin duk kamarsu ɗaya. Fiye da shekara ashirin bawan Allah nan yana jina ina faɗa wa baƙi ƙarfen fure, yana gyaɗa kai yana shan shayinsa.

A kan fure na tsakiya yake rataye hularsa in ya dawo daga shago. Wurin har ya yi sumul. Kowane azumi yakan kankare tsatsa ya shafa baƙin fenti, rabi a ƙarfe rabi a gemunsa.

Na uku, ni ban yi karatu mai nisa ba, amma ina da ido. Ginshiƙan ƙofar shiga da kejin lif duk furen nan ne a jikinsu, kuma na ji su za ku bar su saboda masu ɗaukar hoto. To barandar 'yar uwarsu ce. Laifinta kawai ta yi sama da yawa.

Kuma mai takaba ba ta da titi sai baranda. A nan nake jin masu amalanke suna faɗa, in zura kwando da igiya mai burodi ya saka mini. Yanzu bango nake kallo.

Roƙona: a cire katakon nan, a nemo maƙerin da ya san zubi ya haɗa gefen da ya karye. Guntayen suna nan, na tsince su na naɗe a zane. In kuwa dole sai an cire, kada a ba 'yan gwangwan fure na tsakiya. A kawo mini.

Allah ya yi wa aikinka albarka, ya raya maka zuri'a, ya jiƙan iyayenka. Ku rubuta zubi a takardunku, ban hana ba. Ni dai hular tana hannuna, ban san inda zan rataye ta ba.

Wassalam.

Hauwa'u matar Malam Sani,
hawa na uku.