An Ɗora wa Kakana Addar da Ba Tasa Ba

Assalamu alaikum Hajiya Zouera. Don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke cina ya fi ƙarfina, kuma duk wanda na faɗa wa a nan, kafin la'asar magana ta zaga gari.

Ni 'yar Damagaram ce, ina zaune a Sevran ta ƙasar Faransa, ina aikin gwajin jini a wani asibiti. Ina da wata ɗabi'a da ƙawayena ke mini tsiya a kanta, wato son tsofaffin taswirori. Su suna kasuwar Barbès suna zaɓen atamfa, ni ina gidan gwanjo ina neman inda Bature ya rubuta sunan garinmu a karkace. Wanda ya koya mini wannan haukan shi ne Yaya Maazou. Ba cikinmu ɗaya ba, unguwa ce ta haɗa iyayenmu, amma shi ya tarbe ni ranar da na sauka ƙasar nan. A gidansa na Belleville na yi sanyina na fari, matarsa Rékia ta cire rigar sanyinta ta ba ni. Sana'arsa saye da sayar da tsofaffin kayan soja da na jiragen ruwa, su hular kwano, lambar yabo, ƙararrawa. Ya sha gaya mini cewa a gwanjo ƙarfe ba ya daraja sai an san mai shi. Ina ji ina dariya, ban san da ni ake ba.

Kakana na wajen uwa, Malam Abdourahamane, yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa yaƙin Faransa. Kuku ne, abinci yake dafa wa sojoji. Na taso na same shi da rai, kuma abu ɗaya yake alfahari da shi. Yakan buɗe mana tafin hannunsa ya ce ya je yaƙin duniya ya dawo, hannun nan bai taɓa jinin ɗan Adam ba. Har ya rasu wannan ce godiyarsa ga Allah. Abin da ya dawo da shi ludayin ƙarfe ne, yana nan wurin Innata, sai hotonsa guda da jar dara, wanda ta ba ni da zan taho.

Bara Yaya Maazou ya karɓi hoton, wai zai kai a gyara mini inda ya dushe. Ya gyara kuwa, ya dawo da shi cikin gilashi. Har kuka na yi don daɗi.

Satin da ya wuce na tafi Lyon. Za a yi gwanjo a ƙarshen wata, an baje kayan don masu saye su duba, ni kuma wata taswirar tafkin Cadi ta kai ni. Ina zagayawa sai na yi ido biyu da kakana. An buga hotonsa babba, ga sunansa, ga sunan garinmu, a gabansa an ajiye wata adda mai tsatsa. Ma'aikacin wurin yana yi wa wasu Turawa bayani cewa da ita wannan jarumi ya sare abokan gaba a wani artabu, kuma daga hannun danginsa aka samo ta. Suna gyaɗa kai, ɗaya har ɗaukar ta ya yi yana gwada nauyinta. Hajiya, nan take na juya na nufi ƙofa.

Na kira Yaya Maazou tun daga bakin ƙofa, don shi kaɗai na taɓa ba hoton nan. Bai ko musa ba. Addar a kasuwar tsofaffin kaya ya tsince ta. Dariya ya yi, wai kowa haka yake yi, wai hotona ai yana hannuna, me aka sace mini? Wai ma gata ya yi wa tsoho, don ba mai sayen labarin kuku. Wannan kalmar ta fi komai ƙona mini rai. A gabansa na sha ba da labarin tafin hannun nan, ya san abin da ya taɓa.

Yanzu na rasa ta yi. In na tona shi a gidan gwanjon, sana'arsa ta mutu, kuma da wane ido zan dubi Rékia? In na yi shiru, wani zai rataye kakana a falonsa a matsayin mai kisa. Innata ba ta sani ba, ga ta da hawan jini. Na fara tunanin in je in saye addar da kaina, ko nawa ta kai, in jefa ta kogi, a rufe maganar. Ki gaya mini, butulci ne in tona wanda ya rufa mini asiri?

Jikar Kuku, Sevran

Wa alaikis salam, 'yata.

Ki daina zargin kanki. An ci amanarki, kuma an sace miki abu, ko da hoton yana jikin bangonki. An sace wa mamaci shaidar da ya bar wa kansa, shi kuwa ba ya da bakin musawa sai naki.

Amma kada fushi ya sa ki manta da rigar sanyin nan. Alherin Maazou gaskiya ne, laifinsa ma gaskiya ne. Ina jin ya daɗe cikin sana'ar da ake yi wa ƙarfe ado da labari, har ya daina jin nauyin abin. Wannan ba uzuri ba ne, dalili ne na ki ba shi damar gyarawa da hannunsa kafin ki kai magana gaba. Rékia kuma wataƙila ba ta san komai ba, kada ki haɗa da ita.

Ki bar waya. Ki je Belleville tare da dattijo guda da ku biyu kuke jin nauyinsa. Buƙatarki ɗaya ce: ya janye hoton da sunan da labarin kafin ranar gwanjo. Addarsa ce, ya sayar da ita a matsayin addar da ba a san mai ita ba. Ki gaya masa a fili cewa in bai yi ba, za ki je Lyon da hotonki na asali ki shaida wa masu gwanjon cewa dangi ba su san wannan adda ba. Ba sai kin zage shi a gabansu ba. In ya ƙi, shi ya zaɓa wa sana'arsa abin da zai same ta, ba ke ba.

Sayen addar kuwa, ki cire shi daga ranki. Ranar da aka ce jikarsa ta zo ta saye ta, ƙarya ta samu shaidar da ba mai iya rushewa, kuma kogi ba zai haɗiye hoton da aka riga aka baza ba.

Innarki a bar ta sai ƙura ta lafa. Amma ki kira ta a satin nan, ki sa ta ba ki labarin mahaifinta, ki naɗi muryarta. In kin je gida ki roƙe ta ludayin nan, ki rataye shi ƙarƙashin hoton, duk wanda ya shigo ɗakinki ya ga abin da mutumin ya riƙe a yaƙi.

Allah Ya jiƙan Malam Abdourahamane, Ya sanyaya miki zuciya, Ya sa Maazou ya ji kunya tun kafin a kunyata shi.

Hajiya Zouera