Irin Dawar Malam Saura Ƙwarya Ɗaya

Hajiya Nana Hauwa, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ni ban yi boko ba, maƙwabciyata Aminat ce take rubutawa ina faɗa, na ce mata kada ta gyara min magana.

Ni tsohuwa ce a Soron Ɗinki. Muna da gona a hanyar Dawakin Tofa, ta mijina Malam ce, Allah ya jiƙansa. Dawar da ake shukawa a ciki kaura ce, irinta tun na kakansa. Duk kaka Malam ne yake zaɓo zangarniya masu kyau, in rataye a madafa hayaƙi ya bi su, in sussuke in cuɗe da toka in rufe a tukunya. Da zai rasu bai ce min komai a kan gida ba, sai dai ya ce kada irin nan ya ɓata.

To mu binne muke yi, a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, in ya zo ya tarar da shi. Bara waccan aka yi ruwa sau ɗaya, ya tsiro, sama ta ɗauke, duk ya ƙone. Bara na sake bayar da irin aka binne, ya tashi kyau kamar me, ruwa ya yanke tun dawa ba ta yi ido ba. Ko zangarniya ɗaya ta iri ban samu ba. Yanzu wallahi saura ƙwarya ɗaya.

Ɗana Mikail shi yake kula da gonar. Ya ce ga sabon iri a wajen malaman gona mai nuna da wuri, in na dage sai na Malam shi ya cire hannunsa. Ban ga laifinsa ba, shi yake ciyar da mu. Amma in na bayar aka binne ya ƙone, shi ke nan ya ƙare a hannuna. In na ajiye, ga shi na fara ganin gari-gari a gindin tukunyar, ƙwari sun shiga. Ni da hadari yake sa ni murna, yanzu in ya haɗo gabana faɗuwa yake. Na gaji, Hajiya. Yaya zan yi?

Tsohuwa mai tukunya, Soron Ɗinki

AMSA

Sannu Baba, Allah ya jiƙan Malam. Mikail yana da gaskiya, damina ba ta zama yadda kuka san ta, kuma gida ba ya jira. Ke ma kina da gaskiya, iri irin wannan in ya tafi ba a sayo shi a kasuwa.

Bana a bar binne. Ruwan farko yana yaudara, a jira sai ƙasa ta jiƙu har ƙasa sosai. Ki bar wa Mikail yawancin gonar ya sa sabon irinsa, ki roƙe shi ya bar miki kunyoyi kaɗan a inda laima ta fi zama.

Tun yanzu ki sheƙe irin, ki shanya shi, ki ɗebi kaɗan ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a ga ko yana tsira. In da ransa, ki raba shi uku. Kashi ɗaya ya shiga waɗannan kunyoyin. Ɗaya ki aika wa wani amintacce a kudancin Kano, wajen Tudun Wada ko Doguwa, inda ruwa ya fi jimawa, ya shuka ya dawo miki da zangarniya da kaka. Na ukun ki zuba a busasshiyar jarka mai murfi, a toshe ta iska ba ta shiga.

Kuma Baba, ki sauke wannan nauyin daga kanki ke kaɗai. In Allah ya kai mu kaka, ki sa Mikail ya kai ki gonar, ki nuna masa irin zangarniyar da babansa yake zaɓa. Malam cewa ya yi kada irin ya ɓata, bai ce ya zauna a tukunya ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kwantar miki da hankali.

Nana Hauwa