Gungumen Auta Yana Zaure

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, idon ne dai ya ƙara dushewa, yanzu komai sai ta shafa da hannu take gane shi.

Maganar Auta ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san sana'arsa ta kai matafiya yawon buɗe ido a kekensa mai ƙafa uku, a hankali, ana yada zango ƙauye-ƙauye, har 'yan'uwansa direbobi suka laƙaba masa Hawainiya. Shi dai dariya yake yi, ya ce sannu ba ta hana zuwa. Dokokinsa biyu ne tun da ya fara. Ba ya ɗora kaya a rufin keken, wai abu mai ƙafa uku nauyin sama ne ke kayar da shi a kwana. Kuma ba ya hawa dutse sai da gungumen katakon nan da yake tokare tayar baya idan ya tsaya a gangare.

Makon jiya wasu baƙi, mata da miji, suka ɗauke shi zuwa ƙauyukan kan dutse. Mutanen kirki ne wallahi. Suka ce ba za su rage wa mutanen can ɗan ruwan rijiyarsu ba, don haka suka zo da nasu a jarkoki. Auta kuwa ka san shi da kunyar baƙo, ko wuyansa za a taka ba zai ce a'a ba. Ina tsaye a ƙofar gida ya ɗaure jarkoki a rufi, ya cusa sauran ƙarƙashin kujera. Na yi masa magana, ya ce zai lallaɓa, bai yarda mun haɗa ido ba. Da keken ya sha kwanar lungunmu na ga ya karkata kafin ya miƙe.

Sai da na zo shara na tarar da gungumen a zaure. Ya fitar da shi don jarka ta samu wuri. Tun ranar da suka fara hawa wayarsa ba ta shiga. Matarsa ta ce can dama haka yake, amma wani direba ya gaya mini ana ta tafka ruwan sama a kan dutsen, hanya ta yi santsi. Yaya, tsoro nake ji. Don Allah ka kira tsohon abokinka mai gyaran babura a gindin dutsen, ya tura wani ya bi sawunsu da katako, a ce kai ka ce a sauke jarkokin. Maganarka kaɗai Auta ba ya tsallakewa.

Ban gaya wa Inna komai ba. Amma jiya ta yi tuntuɓe da gungumen, ta durƙusa ta shafa shi, ta daɗe hannunta a kan gurbin da taya ta ci. Na ce mata itacen girki ne. Ta ce in ji tsoron Allah, ita ta ba Auta shi daga tsohon turminta. Ta sa na kai mata shi ɗaki, ta ajiye kusa da sallayarta.

Ka gaishe mini da Uwargida da takwarata da su Baffa. Matar Auta tana gaishe ku. Inna dai na tambaye ta saƙonta gare ka, ta ce a bari sai Auta ya sauko.

Ƙanwarka,
Uwar Tagwaye